Ruwa a Kewayen Huhu: Hoton Ƙirji, Sikanin ko Siti Sikan, da Wanne Za a Fara?

Idan likita ya ƙwanƙwasa bayan majinyaci da yatsa, ya ɗora abin sauraro, ya ji ɓangare ɗaya na ƙirjin ya yi shiru, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ruwa ya taru. Daga nan sai takardar zuwa ɗaukar hoto. Hanyoyi uku ne a gaban iyalin mara lafiya: hoton ƙirji na eks-ray da kowa ya sani, sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu, da kuma siti sikan, babbar na'urar nan da ake kwantar da mutum a tura shi cikin zobenta. Masu jinya da yawa, musamman idan akwai ɗan hali, sukan ce a wuce kai tsaye zuwa siti sikan, wai tunda shi ne mai tsada shi zai faɗi komai. A wannan ciwo ba haka abin yake ba. Tsarin da ya fi amfani, ya kuma fi tausaya wa aljihu, shi ne a fara da hoton ƙirji a tsaye, a bi da sikanin, a zuƙi kaɗan daga ruwan a auna. Siti sikan yana zuwa ne daga baya, idan an bar wata tambaya da waɗancan suka kasa amsawa.

Kafin a kwatanta su, sai an san inda ruwan yake. Kowane huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani mai ruɓi biyu, ɗaya ya manne da huhun, ɗayan ya manne da bangon ƙirji ta ciki. A tsakaninsu akwai ɗan ruwa da bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba a jikin mai lafiya, aikinsa shi ne ya sa huhu ya riƙa zamewa sumul duk lokacin da aka ja numfashi. Jiki yana fitar da wannan ruwa yana kuma shanye shi a kai a kai. Idan fitarwa ta fi shanyewa, sai ya fara taruwa, har ya kai lita biyu ko uku a ɓangare ɗaya. Wato ruwan ba a cikin huhu yake ba, a bayansa yake, yana matse shi ta waje. Shi ya sa mai wannan ciwo yake haki, yake busasshen tari, wani lokaci ya ji suka a haƙarƙari idan ya ja dogon numfashi. Shi ya sa kuma ba a fitar da shi ta tari, kuma ƙahon wanzami ko tsaga ba sa kai wa gare shi, don yana can ƙarƙashin haƙarƙari.

Hoton ƙirji shi ne dattijo a cikin ukun, tun 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eks-ray a Jamus. Ana samunsa a kusan kowane babban asibitin gwamnati, ana gama shi cikin mintuna, kuma fim ɗin yana hannunka, duk likitan da ka kai wa zai iya ɗagawa ya duba. A hoton, iska baƙa take fitowa, ƙashi da ruwa kuwa fari. Huhun mai lafiya yana sauka ƙasa ya ƙare da wata kusurwa mai tsini a kowane gefe, inda haƙarƙari ya haɗu da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ruwa yana bin gangara, don haka idan mutum yana tsaye, wannan kusurwa yake fara cikawa, sai tsininta ya dushe. Idan ya ƙaru, sai a ga farin ya hau sama, kuma samansa ba a miƙe yake ba, yana lanƙwasa ne ya ɗan haura ta gefen haƙarƙari. Wannan lanƙwasa ita ce alamar da likitoci suka fi dogara da ita. Idan kuwa aka ga saman ruwan ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula, to akwai iska tare da ruwan, ko dai huhu ya huje, ko iska ta shiga lokacin wani zuƙo da aka yi a baya, kuma wannan wata magana ce daban.

Raunin hoton ƙirji shi ne ba ya ganin ruwa kaɗan. A hoton da aka ɗauka ta gaba, sai ruwan ya kai kimanin mililita 200 kafin kusurwar ta dushe, wato kusan rabin ledar fiya wata. Idan an ƙara da hoton gefe, ana iya ganin mililita 50, domin kusurwar baya ta fi zurfi kuma can ruwan yake fara sauka. Saboda haka hoton da aka ce "lafiya lau" bai kore ruwa ba.

Babbar matsalar tana tasowa ne idan mara lafiya ba ya iya tsayuwa, kuma sau da yawa waɗanda suka fi galabaita su ne a wannan hali. Idan aka ɗauki hoton mutum yana kwance rigingine, ruwan yana bazuwa ne a duk faɗin bayansa, babu kusurwar da za ta cika, babu lanƙwasa. Abin da za a gani kawai shi ne ɓangare ɗaya ya fi ɗayan hazo, kuma ido mai gaggawa zai iya wucewa bai lura ba ko da ruwan yana da yawa. Don haka idan majinyacinku yana iya zama ko da an tallafe shi ne, ku roƙi mai ɗaukar hoto a zaunar da shi. Wannan ƙaramin abu yana canza ingancin hoton fiye da yadda mutane suke zato. Akwai tsohuwar dabara ta kwantar da mutum a kan gefen da ake zargi a ɗauka ta gaba, sai ruwan ya jeru a jikin haƙarƙari; idan kaurinsa ya wuce santimita ɗaya, akwai isasshen da za a zuƙa. Har yanzu tana aiki a inda babu sikanin.

Hoton ƙirji yana iya ruɗarwa ta wasu hanyoyin. Wani ruwan yana ɓuya ne a ƙarƙashin huhu, sai ya zama kamar tantanin ciki ne ya ɗago sama. Wani kuma, musamman a masu ciwon zuciya, yana maƙalewa a tsagar da ke tsakanin sassan huhu, ya fito da siffar ƙwai har a tsorata a ce ƙari ne, amma da an ba da maganin sa fitsari na 'yan kwanaki sai ya ɓace. Sannan akwai hoton da ɓangare ɗaya ya yi fari fat daga sama har ƙasa. A nan ƙwararre yakan duba maƙogwaro da zuciya. Idan sun karkata zuwa ɓangaren mai lafiya, ruwa ne mai yawa ya ture su. Idan sun karkata zuwa ɓangaren da ya yi farin, to huhun ne ya motse ya ja su, watakila wani abu ya toshe hanyar iska, kuma soka allura a irin wannan ƙirji ba tare da ƙarin bincike ba haɗari ne.

Duk da wannan rauni, ina ganin bai kamata a tsallake hoton ƙirji ba, domin yana nuna abin da sikanin ba ya nunawa: ƙirjin gaba ɗaya a kallo ɗaya. Girman zuciya, ko ruwan ɓangare ɗaya ne ko biyu, ko akwai rami ko tabo a saman huhu irin na tarin fuka, ko haƙarƙari ya karye. Sau da yawa dalilin ruwan yana rubuce a wani lungu na fim ɗin, nesa da ruwan kansa.

Sikanin shi ne wanda aka fi rainawa a cikin ukun, kuma shi ne ya fi kowa iya ganin ruwa. Mutane sun saba da shi a awon ciki, ba sa kawo shi a maganar ƙirji. Alhali na'urar ɗaya ce, kan nan da ake shafa wa mai a goga a cikin mai juna biyu shi ne ake ɗorawa tsakanin haƙarƙari. Sauti yake aikawa ya saurari dawowarsa, babu hasken da ke ratsa jiki, don haka babu damuwa ga mai ciki ko yaro, kuma ana iya maimaitawa kullum. A allonsa ruwa baƙi yake fitowa, ana ganin tantanin ciki, ana ganin hanta ko saifa a ƙarƙashinsa, ana ganin gefen huhu yana lilo a cikin ruwan duk lokacin da mutum ya numfasa. Yana kama ruwan da bai wuce mililita 20 ba, wani lokaci ƙasa da haka.

A 2004 likitan nan na Faransa, Daniel Lichtenstein, da abokan aikinsa sun gwada hanyoyin a kan marasa lafiya masu tsananin ciwon huhu a ɗakin kulawa ta musamman, suka auna kowace da siti sikan. A wajen gano ruwa, hoton ƙirji na bakin gado ya dace da kashi 47 cikin ɗari, sauraro da kunne kashi 61, sikanin kuwa kashi 93. Waɗannan marasa lafiya ne da ke kwance, inda hoton ƙirji ya fi rauni, amma tazarar ta isa a yi tunani a kanta.

Abu na biyu da sikanin yake yi shi ne nuna yanayin ruwan. Wani ruwan garau yake, baƙi wuluk a allo. Wani kuma za a ga ɓurɓushi yana yawo a ciki, ko zare-zare sun ratsa shi sun raba shi ɗaki-ɗaki. Idan aka ga haka, kusan tabbas ruwan kumburi ne, na namoniya, ko tarin fuka, ko jini, ko mugunya, kuma allura ɗaya ba za ta kwashe shi ba tunda kowane ɗaki a rufe yake. A wajen ganin waɗannan zare, sikanin ya fi siti sikan kansa. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki idan aka faɗa musu, amma haka yake.

Abu na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, shi ne jagorancin allura. Ƙarƙashin ruwan dama hanta ce, ƙarƙashin na hagu saifa, samansa huhu. A wani bincike da aka yi a Suwizalan aka buga a 2003, an bar likitoci su zaɓi wurin soka allura ta hanyar duba hoto da ƙwanƙwasa baya, sannan aka bi wuraren da sikanin. Kashi 15 cikin ɗari na wuraren da suka zaɓa ba daidai ba ne, da an soka da an sami huhu, ko hanta, ko saifa. Tun 2010 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta ba da shawara mai ƙarfi cewa a riƙa zuƙar ruwan ƙirji da jagorancin sikanin. Akwai kuma wani sharaɗi da ake yawan sakaci da shi: a yi sikanin a inda za a yi zuƙon, kuma a irin zaman da mara lafiya zai yi lokacin zuƙon. Idan aka yi masa alama da biro a ɗakin hoto, aka turo shi a keke zuwa ɗakin kwanciya, aka zo bayan awa biyu, ruwan ya riga ya sauya wuri, alamar ba ta da sauran amfani.

Sikanin yana da nasa rauni. Sauti ba ya ratsa ƙashi, ba ya ratsa iska, don haka abin da ke can tsakiyar huhu mai iska ba ya ganinsa. Yana wahala a jikin mai ƙiba sosai. Sannan ingancinsa yana hannun mai riƙe da shi ne. Wanda ya shekara goma yana awon ciki bai zama lalle ya saba da ƙirji ba, kuma 'yar takardar da na'urar ke bugowa ba ta da amfani sosai ga likitan da bai ga abin yana motsi ba. Ba laifi ba ne mai jinya ya tambaya cikin ladabi ko mai sikanin ya saba duba ƙirji.

Siti sikan, wanda aka fara amfani da shi kan mara lafiya a Landan a 1971, yana yanka ƙirji fale-fale a hoto, ya nuna komai a wurinsa: ruwa, tantani, huhun da ke ƙarƙashin ruwan, jijiyoyin jini, kaluluwar tsakiyar ƙirji. Inda ba shi da na biyu shi ne duba tantanin nan da ya lulluɓe huhu. Idan tantanin ya yi kauri fiye da santimita ɗaya, ko ya yi ƙulli-ƙulli, ko kaurin ya zagaye huhu gaba ɗaya, ko ya kama ɓangaren da ke kusa da zuciya, ana zargin sankara. Shi ne kuma ke raba gardama tsakanin mugunya da ta taru a bayan huhu da ƙurji da ke cikin huhun, abubuwa biyu da suke kama da juna a hoton ƙirji amma maganinsu ya bambanta: ta farko roba ake sawa a tsiyaye ta, na biyu galibi magani ake bayarwa na tsawon makonni. Idan ana zargin gudan jini ya toshe jijiyar huhu, nan ma sai shi.

Amma yana da nauyi. Kuɗinsa ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa. Galibi sai a asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko babban asibitin ƙasa a Yamai, ko wasu cibiyoyi masu zaman kansu a manyan birane, kuma ɗaukar mai haki tafiyar awa huɗu a mota ba ƙaramin abu ba ne. Dole ya kwanta rigingine ya riƙe numfashi, abin da mai lita biyu a ƙirji ba ya iyawa cikin sauƙi. Hasken da ke ratsa jiki a siti sikan ɗaya na ƙirji ya kai kusan milisibat 7 (milisibat shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), na hoton ƙirji kuwa kimanin 0.1, wato ninki 70. Kuma don a ga tantanin da kyau sai an yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, wanda sai an duba lafiyar ƙoda kafin a ba da shi. Siti sikan da aka yi babu wannan allura, a ƙirjin da ruwa ya cika ya danne huhu, yakan ƙare da rahoton da bai wuce "akwai ruwa mai yawa" ba, abin da aka riga aka sani. Ya fi amfani bayan an rage ruwan huhu ya ɗan buɗe, amma kafin a kwashe shi ƙaf, domin ɗan ragowar yana taimakawa a ga tantanin. Tambayar da ta dace mai jinya ya yi ita ce: "Likita, don Allah me wannan zai nuna mana wanda na baya ba su nuna ba?" Idan akwai amsa, a yi. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Akwai abin da babu ɗaya cikin ukun da zai faɗa da tabbas, wato dalilin taruwar ruwan. Wannan sai an zuƙi kamar mililita 50 an kai ɗakin gwaji. Tun 1972 ake amfani da ma'aunin da likitan Amurka Richard Light ya kawo, inda ake kwatanta furotin da wani sinadari mai suna LDH na cikin ruwan da na cikin jini. Idan furotin na ruwan ya wuce rabin na jini, ko LDH ɗinsa ya wuce kashi 60 cikin ɗari na na jini, ruwan kumburi ne, sai a nemi namoniya, tarin fuka ko sankara. Idan bai kai ba, galibi ruwa ne da ya tsatso saboda zuciya, hanta ko ƙoda sun gaza, kuma maganinsa yana can wajen waɗannan gaɓoɓi. Iyalin da suka kashe duk kuɗinsu a siti sikan suka rasa na wannan gwaji sun sayi hoto mai kyau ne ba tare da amsa ba.

Zaɓin yana sauyawa gwargwadon wanda ke kan gado. Matashi mai zazzaɓin dare, da gumi, da rama, da ruwa a ɓangare ɗaya, a Najeriya da take cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka a duniya, tarin fuka ake fara zargi. Hoton ƙirji, sikanin, zuƙo da gwajin majina sun ishe shi a mafi yawan lokuta. Sai dai a sani, na'urar gwajin tarin fuka mai suna GeneXpert tana yawan cewa babu a ruwan ƙirji alhali akwai, domin ƙwayoyin cutar kaɗan ne a cikinsa, don haka likita yana haɗawa da sauran alamu. Irin wannan ruwa yana iya bushewa da kansa, mutum ya ce ya warke. A shekarun 1950 an bi diddigin sojojin Amurka da suka yi haka ba magani, kusan biyu cikin kowane uku suka dawo da cikakken tarin fuka cikin shekara biyar. Maganin wata shida ne, kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki idan ta kwanta, hoto ya nuna zuciya ta faɗaɗa da ruwa a ɓangarori biyu, ita wata hanya ce daban. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa. Abin da take buƙata shi ne sikanin zuciya da maganin rage ruwa. Ba a ma gaggawar zuƙar irin wannan ruwa, sai idan akwai zazzaɓi, ko suka, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗayan sosai, ko an yi kwanaki ana magani bai ragu ba. Haka dattijo mai hawan jini da ya zo da irin wannan hoto.

Yaron da namoniya ta ƙi sauka bayan kwana biyu ko uku na magani, sikanin ne nasa, a ga ko mugunya ta taru. Ba a yi wa yara siti sikan haka kawai. Wanda ya yi haɗarin mota, sikanin a bakin gado zai nuna jini a ƙirji cikin minti ɗaya ko biyu, tun kafin a motsa shi. Matar da ta taɓa fama da sankarar mama, ko wanda ya daɗe yana shan taba, ko wanda aka zuƙo masa ruwa mai jini-jini, ko wanda ruwansa ya dawo bayan an kwashe kuma gwaji bai nuna dalili ba, waɗannan su ne siti sikan ya cancanci kuɗinsa a kansu, kuma bai kamata a jinkirta musu ba.

Idan an zo kwashe ruwa mai yawa, ba a wuce kamar lita ɗaya da rabi a zama ɗaya, domin huhun da ya daɗe a matse, idan ya buɗe farat ɗaya, yana iya cika da ruwa ta ciki. Kada mai jinya ya matsa a kwashe duka yau. Bayan an gama, hoton ƙirji ne ke dawowa: shi ake ɗauka a ga ko huhu ya buɗe, ko iska ta shiga, ko robar tana inda ya kamata, kuma shi ake kwatantawa da na farko wata bayan wata. Don haka a adana duk fim ɗin da aka ɗauka, kowanne da kwanan watansa, a zo da su kowane zuwa asibiti. A ƙarshen maganin tarin fuka, mutane da yawa kusurwar nan ba ta komawa tsininta na da, saboda tantanin ya yi kauri ya bar tabo. Likitan da bai ga tsohon fim ba zai iya ɗauka sabon ruwa ne, amma sikanin na 'yan mintuna zai nuna ko ruwa ne ko tabo kafin a sake ɗauko allura.